Hannun da Aka Wanke a Bungudu

Gusau,
9 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Jamila da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Mama, Ya kai haske kabarinta. Tun da aka rufe layukan waya na rasa inda zan sa kaina, ga magana fal bakina babu wanda zan faɗa wa. Shi ya sa na ba Bala direba wannan takarda ya kai maka Tsafe. Ka karanta kai kaɗai.

Shekaranjiya na shiga gyara ɗakin Mama. Ka san ƙaton kwalin nan da ta yi shekaru tana cikawa, wai tsarabar da za ta aika wa danginta a Filifin: atamfa, turare, har da takalman yaran da tuni sun yi aure. A can ƙasansa na tarar da wani tsohon littafi da rubutunta, rabi Turanci rabi yarensu. Yaya, da na san abin da ke ciki, da sai na ci abinci tukuna, don tun daga lokacin ban sake bi ta kan abinci ba.

Ka tuna gaisuwar da ta koya mana tun muna ƙanana, wadda take kira mano? Ka kamo hannun dama na babba, ka sunkuya, ka ɗora bayan hannun a goshinka. A ƙasarsu duk ɗan da bai yi wa babba haka ba, ba a ba shi tarbiyya ba. Ita da Baba kaɗai ta yarda mu yi wa, ta hana mu yi a waje, kuma ba ta taɓa gaya mana dalili ba. To ga dalilin.

A 1983 ne, tana da shekara huɗu da zuwa aikin jinya Gusau, ta musulunta, an ɗaura aurensu da Baba. Ya kai ta Bungudu gaida dangi. Kakanmu ya riga ya rasu, wan Baba, wato Baba Labbo, shi ne babban gida. Ta rubuta cewa mako guda ta yi tana haddar "ina wuni" don kada ta ba mijinta kunya. Amma ba wanda ya tuna ya gaya mata cewa a nan wan miji suruki ne, daga nesa ake durƙusa masa. Zaure cike da mutane. Da aka nuna mata babban gida, sai ta tafi kai tsaye, ta kamo hannunsa ta ɗora a goshinta. Iyakar girman da ta sani ke nan a duniya, shi ta ba shi.

Ya fizge hannunsa. Ya ce wa Baba, "Haidar, mi kak kwaso muna? Wagga ba ta da kunya?" Wannan ma da sauƙi. Sai ya sa aka kawo buta, ya wanke hannun har gwiwa sau uku a gaban kowa, ruwan yana gangarowa wajen takalminta. Mutane suka kwashe da dariya. Ta ce ita ma murmushi ta yi, don ba ta san me za ta yi da fuskarta ba. Baba kuwa, Allah Ya jiƙansa, bai kare ta ba.

Yanzu na gane abin da ya sa ake kai mu Bungudu da Sallah ita tana zama a gida. Matar da ta karɓi haihuwar rabin Gusau, wadda kowa ke ce wa Sista Luz da girmamawa, an wanke taɓinta kamar najasa! Kuma ranar jana'izarta mutumin nan bai tako ba, sai daga baya ya aiko 'yarsa Wasila da buhun gero.

Ga abin da na yanke. Ranar ashirin da shida za a yi sadakar arba'in. Zan gayyace shi da kaina, in shimfiɗa masa dardumar da ta fi kowace. In an shafa addu'a, gaban maza da mata, zan je in kamo hannunsa in ɗora a goshina. Ni 'yar ƙanensa ce, ba mai cewa na yi haram. Sannan in ce a kawo min buta, in wanke goshina sau uku, in ba jama'a labarin tun daga farko.

Ka tuna 'yar tutar ƙasarsu da ke bangon falo? Ta gaya mana in ana zaman lafiya shuɗin ne a sama, in ƙasa ta shiga yaƙi sai a juya jan ya koma sama. Jiya na juya ta.

Ba shawara nake nema ba, sanarwa ce. A gaishe min da yara.

Ƙanwarka,
Muzdalifa.


Tsafe,
12 ga Satumba.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya, Jamila na gaishe ki da mai gidanki Malam Sahabi. Takardarki ta iso. Tun kafin in buɗe na san da zafinta ta zo, don rubutun har ya huda bayan takardar.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na san an yi wani abu a Bungudu, Baba ya taɓa soma gaya min sai ya fasa, amma ban san da zancen buta ba. Abin da Baba Labbo ya yi zalunci ne, ko a gabansa zan faɗa. Da ya janye hannunsa a hankali ya sa mata su yi mata bayani, da shi ke nan. Baƙuwa ce, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Amma Auta, taron wa za ki ɓata? Na Mama ne fa. Mutane za su zo yi mata addu'a, su koma gida da labarin 'yarta ta tozarta tsoho ɗan shekara tamanin. Daga ranar duk inda aka ambaci Sista Luz, butarki za a tuna. Kin manta yadda take da gudun abin kunya? Takan ce mutanen ƙasarsu sun gwammace su kwana da yunwa da a nuna gidansu da baki. Ita da baki ma take nuna abu, kin tuna, ta turo leɓe ta ce "ɗauko min wancan," mu yi ta dariya. Amma a nuna ta? Ina!

Kuma ki tuna hoton nan na ɗakinta, na maza sun ɗauki gida sukutum a kafaɗa suna mayar wa maƙwabcinsu wani wuri. Ta ce gayyarsu ke nan, kuma a cikin masu ɗaukar har da waɗanda ba sa ga maciji da mai gidan. Ba ta koya mana wannan don ado ba.

Ke kika gado zafinta, ni na gado son shinkafarta safe da rana da dare. Sai dai ita zafin nata ba ya hayaƙi. Shekara talatin da takwas tana da baki, tana da mu, ba ta ce mu rama mata ba. Ko a 'yan shekarun nan da ƙafa ke damunta, ba zaman ƙullata ta yi ba. Duk Alhamis sai ta ɗauki jakarta ta hau mota, ta ce akwai mara lafiyar da take dubawa wajen garin Rawayya. Na yi faɗa, kin yi faɗa saboda halin da hanya ke ciki, ta yi mana murmushin nan nata ta wuce. Macen da ta ƙare rayuwarta a haka, kina ganin buta take so a ɗaukar mata?

Na kuma ji an ce Baba Labbo ba ya jin daɗi, hawan jini ya taɓa kayar da shi. Mu ne ba mu bibiya ba. Ko me ya yi, jininmu ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

In kin nace, ni ba zan tona ki ba, amma ba zan tsaya a wurin ba. Don Allah ki mayar da tutar nan yadda ta bar ta.

Allah Ya huci zuciyarki.

Yayanki,
Haliru.


Gusau,
14 ga Satumba.

Zuwa ga mahaifinmu Alhaji Labbo, Bungudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali baki ɗaya. Mun ga saƙon gero, Allah Ya saka da alheri.

Ina sanar da Baba cewa ranar Lahadi, ashirin da shida ga wata, za a yi sadakar arba'in ta mahaifiyarmu a gidanta da ke Tudun Wada, da hantsi. Tun da Baba Haidar ya rasu ba mu da wani uba sai kai. Ina roƙon ka zo da kanka, kada ka wakilta kowa. Na tanadar maka wurin zama a gaba inda kowa zai gan ka.

Ina kuma so in gaishe ka a ranar, irin gaisuwar da Mama ta koya mana. Na san Baba ya san ta.

Allah Ya ƙara girma.

'Yarka,
Muzdalifa Haidar.


Bungudu,
18 ga Satumba.

Zuwa ga ɗiyata Muzdalifa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi muku ta'aziyya ke da wanki. Wasila ce ke rubutawa, ni ke faɗi, kuma na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina ko da bai yi mata daɗi ba.

An karanta mini takardarki sau biyu. Na tsufa amma ban ruɗe ba. Na san gaisuwar da kike nufi, na kuma san abin da zai biyo bayanta. Ban ga laifinki ba. Sai dai ba ni iya zuwa, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Shekara uku ke nan rabona da tashi da ƙafafuna. Ɓarin jikina na dama ya shanye, da hannu da ƙafa, har baki ya karkace. Na hana a gaya muku don girman kai, kada ɗiyan Haidar su ga yadda na koma.

Uwarku a asibiti ta ji labari wajen tsoffin abokan aikinta. Sati biyu da sallamo ni, ran Alhamis, ina kwance a zaure, sai ga ta da jaka. Zauren nan dai da kika ji labari. Rabonta da shi shekara talatin da biyar. Ba ta nemi izinin kowa ba. Tac ce ma Wasila, "Kawo tabarma, ki zauna nan ki zama shaida." Ta fiddo man kwakwa da ta dafa da citta, ta kama hannun nan ta shiga murza shi tun daga kafaɗa har yatsu. Tac ce tausar ƙasarsu ce, wajen kakarta ta koya. Na so in fizge. Hannu bai motsa ba. Na so in yi magana, sai miyau.

Da ta gama, sai ta ɗaga hannun da hannuwanta biyu, ta sunkuya ta ɗora shi a goshinta. Ta daɗe a haka. Sannan ta tashi da kanta ta ɗauko buta, ta cika ta, ta aje kusa da hannun. Tac ce, "Yaya, ga ruwa, in za ka wanke." Tana murmushi. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ɗiyata, an taɓa sarar kaina da gatari ina saurayi wajen rikicin gona, ban yi hawaye ba. Ran nan na yi kuka har Wasila ta tsorata.

Haka ta yi kowace Alhamis shekara uku, da ruwan sama da tsoron hanya. In ta gama tausa ta yi gaisuwarta, ta aje buta, ta faɗi maganar nan guda, ba ta ƙari ba ta ragi. Ko ruwan gidan ga ba ta taɓa sha ba. Ta sa Wasila ta rantse ba za ta gaya muku ba, tac ce ke za ki hana ta. Albarkacin hannunta yau ina motsa yatsu uku, ina jan tazbaha. Wata rana Wasila ta tambaye ta don mi take wahalar da kanta. Tac ce a ƙasarsu babu kaya mai nauyi kamar alherin da mutum ba ya iya ramawa, da shi ake shiga kabari.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ne dalilin takardar ga. Bakina ya buɗe bayan wata bakwai. Tun daga lokacin ina iya cewa, "Juwairiyya, ki yafe mini." Sunan da munka ba ta ke nan ran da ta musulunta, ban taɓa kiranta da shi ba. Kowace Laraba sai in shirya maganar. In ta zo ta aje buta, sai harshena ya yi nauyi, in ce bari sai Alhamis mai zuwa. Har Alhamis ɗin da na jira ta tun hantsi har la'asar, sai ga saƙon an kai ta.

Ban da abin da zan ba ki. In kina son hannun, yana nan inda ta bar shi. Ki zo ki yi yadda kinka ga dama.

Allah Ya gafarta mata, Ya yi muku albarka.

Babanku,
Labbo.


Gusau,
20 ga Satumba.

Yaya Haliru,

Sallama da gaisuwa. Ga takardar Baba Labbo nan na haɗo maka, karanta ta tukuna sannan ka dawo kan tawa.

Ka gani? Ka ga mara lafiyar Rawayya? Wallahi da na kai wurin butar nan, dariya na yi har Malam Sahabi ya leƙo ya ga ko na zautu. Daga nan sai kuka. Ina jin haushinta, Yaya. Shekara uku tana bin hanyar nan da ciwon ƙafa, ni ina nan ina ma'aikaciyar jinya kamarta, ko sau ɗaya ba ta ce in raka ta ba. Ta san ni. Da na je, da rana ɗaya zan ƙone komai da bakina in huce. Ita kuwa a hankali ta dafa nata.

Kai da ka ce ba buta take so a ɗaukar mata ba, ka yi gaskiya, don ta riga ta ɗauki abarta. Kuma waliyyiyar nan da ka zana min a takardarka, bari in ƙarasa maka hotonta. Da na gama karatu na je na ɗauko jakar Alhamis ɗin daga bayan ƙofa. Kwalbar man tana ciki, saura rabi. A jikin murfin jakar daga ciki akwai 'yar ƙaramar tuta da ta ɗinka da hannunta. Na sha ganinta ban taɓa lura ba. Jan ne a sama, Yaya. Mama ba ta kuskure a ɗinki, balle a tutar ƙasarta da take tashi tsaye in ta ji takenta a rediyo.

Na fasa abin da na shirya yi ranar arba'in, sai ka zo da zuciya ɗaya. Kada ka ce wa'azinka ne ya kama ni. Na dai ga nawa wasan yara ne a kan nata. Ka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke. A asibiti muna yankewa, a gabana an sha yi. Amma wannan hannun ita ta raya shi, ba zan ɓata mata aiki ba.

Sai dai ban huce ba. Tsohon nan ya ba ni tausayi na minti biyar, sannan na sake karantawa. Shekara biyu da wata biyar bakinsa na aiki. Yana cin tuwo da shi, yana faɗa da shi, kalma uku ta gagare shi. Yanzu da ta tafi yana so ya sauke kayan a takarda, ta hannun Wasila, a ɓoye. A ɓoye aka yi dariyar? A zaure aka yi, gaban mutane. Na tambaya, an ce cikin waɗanda ke zaune ranar akwai huɗu da rai, har da Malam Lawali mai goro.

Ta koya min tausar lokacin ciwon bayan Baba, hannuna bai manta ba. Na sayo kwakwa da citta.

Tutar falo na mayar da ita yadda take, don ta gidan ce. Ta jaka ba zan taɓa ba.

A gaida Anti Jamila.

Muzdalifa.


Gusau,
21 ga Satumba.

Zuwa ga Baba Labbo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Baba, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ina nan tafe jibi Alhamis da hantsi, da jakar Mama. Wasila ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta cika buta. A kira Malam Lawali mai goro da sauran ukun da suka ga abin da aka yi, su zauna inda suka zauna a wancan karon.

Zan yi maka tausa yadda take yi, ba zan rage komai ba. In na gama zan ɗora hannunka a goshina. Maganar da ka kasa gaya mata, sai ka faɗe ta a gabansu, ka kira sunanta da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji. In ka faɗa, ni da kaina zan zubar da ruwan a waje, in kuma sha na randar gidanka.

In harshen ya sake yin nauyi, ba komai, zan aje maka butar in dawo wani makon. Shekarata talatin da biyar, in Allah Ya so ina da Alhamis da yawa a gabana. Naka lissafin kai ka sani.

Allah Ya kai mu.

'Yar Juwairiyya,
Muzdalifa.